Kamfanin gadi da kwangilar gwamnatin jiha: tambayoyin da aka fi yi mana da amsoshinsu

Jama'a tambayoyin nan kusan iri ɗaya ne suke ta maimaituwa daga masu ƙananan kamfanonin gadi, musamman waɗanda suka gaji da gadin gidaje da shaguna da gidajen mai suna so su shiga harkar gwamnati, shi ya sa muka tara su waje guda. Wanda ya ga tambayarsa sai ya karanta, wanda kuma yake da lokaci ya bi duka don wata amsar tana jingine da wata.

Wai da gaske gwamnatin jiha tana ba kamfani mai zaman kansa kwangilar gadi? Ba ga ƴan sanda da Sibil Difens ba?

Tana bayarwa sosai ma. Ƴan sanda ba za su tsaya a get ɗin kowane asibiti da kowace makarantar kwana suna buɗe wa motoci ƙofa suna rubuta suna a littafi ba, ba su da yawan da za su yi hakan kuma ba aikinsu ba ne. A da gwamnati da kanta take ɗaukar maigadi a matsayin ƙaramin ma'aikaci, yana da fayil yana da fansho, amma tun gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin Obasanjo da aka fara a 2003 aka soma cire gadi da shara da makamantansu daga cikin ma'aikatan dindindin ana miƙa wa kamfanoni, tarayya ta fara, jihohi suka biyo baya kowa da saurinsa. Yanzu in tsohon maigadi yayi ritaya ko ya rasu yawanci ba a maye gurbinsa, to kaga wannan giɓin shine kasuwar taku. Asibitoci, jami'o'in jiha da kwalejoji, sakateriya, hukumar ruwa, gidan rediyo da talabijin na jiha, ɗakunan ajiye magani da taki, kotuna, filin wasa, duk suna buƙatar masu gadi.

Amma ka sani kana da kishiyoyi. A Kano akwai ƴan Corporate Security na gwamnati da ake horarwa a Gabasawa, a Kaduna akwai ƴan sa-kan gwamnati na KADVS, Katsina ta kafa Community Watch Corps a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Yawancin waɗannan aikinsu daban ne da naka, su sun fi karkata ga daji da unguwanni, amma wani lokacin akan tura su gadin gine-ginen gwamnati kuma duk inda aka tura su kai ka rasa wajen kenan.

Na yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya isa in fara nema?

A'a wallahi bai isa ba, kuma anan mutane da yawa suke faɗawa rami. Rajistar CAC ta nuna kamfani ya wanzu ne kawai. Aikin gadi yana da dokarsa ta musamman tun 1986, dokar kamfanonin gadi masu zaman kansu, kuma ita ta ce sai da lasisi. Ministan harkokin cikin gida ne mai bada lasisin, amma ta hannun Sibil Difens ake bi, su ne dokarsu ta 2003 da gyaran da aka yi mata a 2007 ta ɗora wa alhakin tantancewa da sa ido akan kamfanonin. A kowace jiha in kaje hedikwatarsu akwai sashen da ke kula da kamfanonin gadi, can zaka fara.

Abubuwan da za su duba: kamfanin ya zama cikakken kamfani mai hannun jari ba sunan kasuwanci kawai ba, jarin da aka rubuta kada ya gaza naira miliyan 10, daraktoci duk ƴan Najeriya ne, a cikinsu a samu tsohon jami'in tsaro da ya kai babban muƙami kafin ritaya, DSS za ta binciki daraktocin ɗaya bayan ɗaya, za a zo a ga ofis da idanu, a ga kalar yunifom ɗinku da bajo a amince da su. Abin yana cin lokaci, ba aikin sati biyu bane, don haka duk wanda ya ce maka kawo kuɗi gobe ya kawo maka lasisi ka riƙe aljihunka. Kuma lasisin ana sabunta shi, ka riƙa duba ranar ƙarewarsa, don lasisin da ya mutu da wanda babu duk ɗaya ne a teburin masu tantance kwangila.

Akwai kuma ƙungiyar masu lasisi, ALPSPN, tana da rassa a jihohi. Wasu tallan kwangilar suna neman shaidar kana ciki, kuma ko basu nema ba acan ake jin labari.

Zan iya aron lasisin wani kamfani in nemi aikin, in an samu mu raba?

Ana yi, ba za mu ce ba a yi ba. Amma takardar kwangila da sunansa za ta fito, kuɗi asusunsa za su shiga, ranar da kuka ɓata ba ka da takarda ko ɗaya da zaka nuna. Sannan in an yi sata a wajen ko wani yaronka ya ji wa mutum ciwo aka zo bincike aka ga kamfanin da ke aiki daban da mai lasisi, ku biyun duka kun shiga uku. In dole sai kun haɗa, to ku je wajen lauya a rubuta yarjejeniya, yaran su saka yunifom ɗin mai lasisin, kai kuma ka ci gaba da bin naka.

Wane takardu ake nema in an tallata aikin?

Kowace jiha da nata jerin amma kusan abu ɗaya ne suke juyawa. Satifiket ɗin CAC da takardun da ke nuna daraktoci da masu hannun jari. Lasisin gadi mai rai. Takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku daga hukumar harajin tarayya FIRS, wadda dokar 2025 ta mayar NRS, da lambar mai biyan haraji TIN da rajistar VAT. Sannan hukumar harajin jihar ita ma tana son nata, KIRS a Kano, KADIRS a Kaduna, za su so su ga kana biyan harajin albashin ma'aikatanka da na daraktoci da kuɗin rajistar wurin kasuwanci. Sai satifiket ɗin PenCom na fansho, na NSITF na inshorar raunin ma'aikata, na ITF na asusun horar da ma'aikata. Sai lissafin kuɗin kamfani na shekara uku wanda akanta mai lasisi ya duba ya buga hatimi, wasiƙar banki, takardar rantsuwa daga kotu cewa babu wani ma'aikacin hukumar da ke da hannu a kamfaninka kuma duk abinda ka kawo gaskiya ne, da shaidar ayyukan da ka taɓa yi irin wannan.

Sai babba a cikinsu wanda ake mantawa: rajistar ɗan kwangila da hukumar sayen kaya ta jihar. A Kaduna KADPPA ce, dokarta ta 2016. A Jigawa ita ce Due Process da kowa ya sani a Dutse. Kano ta yi dokarta a 2021 tana da nata ofishin. Rajistar BPP, hukumar sayen kaya ta tarayya da ke Abuja, ba ta wadatar da kai a jiha, kowace jiha sai ka yi nata, kuma rajistar aji-aji ce, kowane aji da iyakar kuɗin kwangilar da zai iya nema.

Wani abu da ya kamata ka rubuta a bangon ofis: satifiket ɗin PenCom da ire-irensa ranar 31 ga Disamba suke ƙarewa ko da a watan Oktoba ka karɓa. To su kuma ma'aikatu da yawa farkon shekara suke tallata aikin gadi bayan an sa hannu a kasafin kuɗi, sai kaga mutum talla ta fito a Fabrairu shi kuma lokacin yake gudun neman takarda, kafin ta fito an rufe akwatin da ake zuba takardun neman kwangila. Daga Janairu ka fara sabunta komai ko ba ka ga talla ba.

Ina ake ganin tallan? Ni ban taɓa cin karo da shi ba.

Jaridu, musamman Daily Trust a nan arewa, allon sanarwa na ma'aikatar, da shafin intanet na hukumar sayen kaya ta jihar. Shirin SFTAS na Bankin Duniya da aka fara a 2018 ya matsa wa jihohi su riƙa wallafa kasafin kuɗi da kwangilolin da suka bayar a intanet, wasu ma su koma neman kwangila ta kwamfuta, Kaduna tana cikin waɗanda suka yi gaba a wannan. Wasu jihohin sun yi sanyi bayan shirin ya ƙare amma har yanzu ana samun abubuwa.

Amma bari in faɗa maka dabarar da ta fi jiran talla. Ka sauke kasafin kuɗin jihar na bana, ka nemi layin da ake kira ayyukan tsaro a ƙarƙashin kuɗin gudanarwa, lambarsa 22020601, zaka ga kowace ma'aikata da hukuma nawa aka ware mata na gadi. Kada ka rikita shi da 22020604, wannan kuɗin tsaro ne na gidan gwamnati, ba ruwanka da shi. Daga nan ka san wa yake da kuɗin gadi wa kuma ba shi da ko sisi, sai ka daina ɓata takalminka a inda babu komai. Sannan ka duba rahoton da ake fitarwa duk wata uku na yadda aka kashe kasafin, in kaga an ware wa hukuma kuɗi amma wata tara sun wuce ba a saki komai ba, to ka san wanda ke gadin wajen yana can yana kuka. Mutane ƙalilan ne suke wannan binciken alhali kyauta ne, data kawai zaka saka.

Ƙananan ayyuka kuma ba a tallata su a jarida, ana gayyatar kamfani uku ko fiye ne su kawo farashi, kuma daga cikin waɗanda suka yi rajista aka san su ake zaɓa. Shi ya sa wasiƙar gabatar da kai ga babban sakatare ko shugaban hukuma tana da amfani, ka kai da bayanin kamfani a sa maka hatimin karɓa a kwafinka.

Maganar gaskiya, in ba ka da kowa a gwamnati zaka samu?

Wannan ita ce tambayar da kowa yake so ya yi tun farko. Ba zan yaudare ka ba, sanayya tana aiki, manyan kwangilolin da suka haɗa makarantu ko asibitocin jiha gaba ɗaya waɗanda sai majalisar zartarwa ta amince, da wuya baƙo ya faɗo daga sama ya ɗauka. Amma abu biyu. Na ɗaya, ko mai uwa a gindin murhu yanzu sai ya kawo takardu, domin fayil ɗin zai bi ta Due Process kuma odita zai duba daga baya, babu daraktan da yake so a kira shi EFCC ko hukumar karɓar ƙorafi ta jiha akan kamfanin da ba shi da lasisi. Sau da yawa ma na hannun daman ne ba shi da takardun sai ya zo neman mai su. Na biyu, akwai ayyuka da yawa da manya basa waiwaya saboda sun yi musu ƙanƙanta, gadi goma a wata kwaleji, shida a wani ɗakin ajiya a ƙaramar hukuma mai nisa. Waɗannan su ne ƙofar shiga, kuma su ne za su ba ka takardar shaidar aiki da zaka nuna gobe.

Ni a ganina ma kwangilar da aka samu ta hanyar ɗan siyasa kaɗai ita ce mafi rauni, ranar da aka sauya kwamishina ko gwamnati ta tafi ita ma ta bi shi, bashin da kake bi kuma sabbin zuwa su ce sai kwamiti ya tantance.

To in aka nemi kaso fa?

Dokar sayen kaya ta tarayya ta 2007 ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda aka kama da maguɗin kwangila, kamfani kuma a hana shi aiki aƙalla shekara 5 da tarar kashi 25 cikin ɗari na kuɗin kwangilar, dokokin jihohi mafi yawa daga ita aka kwafo. Ban da doka ma, lissafin baya fita. Aikin gadi ba titi bane da za a rage kwalta, kusan duk kuɗin albashi ne, duk abinda ka cire ka ba wani daga bakin maigadi ka cire shi, shi kuma maigadin da ba a biya ba ko ya yi barci ko ya tafi acaɓa da rana ko ya haɗa baki da ɓarayin waya da janareto.

Yaya ake lissafin farashi? Nan ne nake rikicewa.

Nan ne kuma ake mutuwa, don haka bari mu daɗe anan. Kuskuren farko shine mutum ya lissafa get maimakon mutane. Get ɗaya da ake so a tsare dare da rana awa 168 ne a sati. Maigadi ɗaya in yana awa 12 kwana shida ya huta ɗaya, awa 72 ya yi. Kaga mutum biyu basu rufe ba, sai an samu mai karɓarsu ranar hutu, wato wuri goma yana cin mutum 23 zuwa 24 ba 20 ba, kuma ba a saka rashin lafiya da hutun shekara da rasuwa da suna da ranar sallah ba. In takardar ta ce masu gadi 20 ka tambaya a rubuce: mutum 20 ake nufi ko wuri 20? Wannan tambayar kaɗai tana iya raba ka da asarar miliyoyi.

Sai albashi. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun Yulin 2024, kuma ya hau kan duk mai ma'aikata 25 zuwa sama, wasu jihohin ma sun ɗara, Kano 71,000, Kaduna 72,000. Akan wannan ka ɗora fansho, kamfani kashi 10 ma'aikaci kashi 8 kamar yadda dokar 2014 ta ce, NSITF kashi 1, ITF kashi 1, inshorar rai ta ma'aikata. Sai yunifom aƙalla saiti biyu, takalmi, hula, bel, rigar ruwa, rigar sanyi don wanda ya kwana a get a watan Janairu a Funtuwa ko Fataskum ya san ba wasa bane, tocila da batir, usur, kulki, oba-oba, na'urar binciken jiki, littafin rajista. Sai sufabaiza da babur ɗinsa da man da zai sha yana zagayen dare, kuma ka san yadda mai ya koma tun cire tallafi a 2023. Sai horo, gwajin ƙwaya, hayar ofis, albashin akanta, kuɗin sabunta takardu. Bayan duk wannan ne ribarka take zuwa.

Sannan haraji. VAT kashi 7.5 ne, ka rubuta ƙarara ko farashinka ya haɗa da shi ko bai haɗa ba, domin za a cire shi tun daga tushe tare da harajin da ake riƙewa da kuɗin hatimi, wasu jihohin da wasu ƴan cire-ciren nasu. Ka je wajen akantan ma'aikatar ka tambaye shi me da me ake cirewa kafin ka rubuta farashi, ba bayan alat ya shigo ka ga ya ragu ba. Kuma ka bi takardar shaidar harajin da aka riƙe maka, kuɗinka ne, ana rage maka shi a harajin ƙarshen shekara.

Amma ai wanda ya fi araha ake ba, in na saka duk wannan an kayar da ni.

Doka cewa ta yi mafi araha a cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, ba mafi araha kawai ba. Ana fara buɗe ambulan na takardu da tsarin aiki, wanda ya faɗi anan ba a ma buɗe ambulan ɗin kuɗinsa, kuma zaka sha mamakin yawan waɗanda suke faɗuwa akan abin banza, ba a sa hannu a shafi ba, an haɗa ambulan biyu a ɗaya, an kawo bayan ƙarfe 12 na ranar rufewa, satifiket ɗin bara. Eh akwai masu zubar da farashi su rubuta abinda ko albashi bai kai ba da niyyar su kawo rabin mutanen ko su biya yara 25,000. Ka bar musu. Wata shida zaka ji ana neman wanda zai karɓi wajen. Abinda zaka yi shine ka fasa farashinka dalla-dalla a takarda, albashi kaza, fansho kaza, kaya kaza, riba kaza, don kwamiti su ga inda kowace naira ta tafi, kuma su ga wancan mai arahar ba zai iya biyan mafi ƙarancin albashi ba.

Ana bada kuɗin fara aiki?

A gadi da wuya. Kuɗin somin aiki an fi ba masu gini da masu kawo kaya, kuma sai da garantin banki ko na inshora. Kai aiki zaka yi wata ya ƙare ka kai takardar neman biya.

To yaushe ake biya? Na ji ana cewa gwamnati tana riƙe kuɗi.

Wannan shine ainihin jarrabawar, samun kwangilar ma ya fi sauƙi. Takardarka za ta tashi daga jami'in da ke kula da wajen ya sa hannu cewa an yi aiki, ta je wajen daraktan mulki, ta je odita na cikin gida, a yi bauca, babban sakatare ya amince, in kuɗin ba a hannun hukumar suke ba a jira ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar su saki. Kowane tebur fayil yana iya kwana. Kuɗin gadi a cikin kuɗin gudanarwa yake, shi kuma shine farkon abinda ake matsewa in kason wata daga Abuja ya yi ƙasa ko zaɓe ya gabato, albashin ma'aikata ake fara biya, ku kuna baya.

Yi lissafi da kanka. Masu gadi 50 akan 70,000 naira miliyan 3.5 ne duk wata, albashi tsura. In aka yi wata huɗu ba a biya ka ba miliyan 14 kenan sai ka nemo daga wani wajen, domin maigadi ba ruwansa da bauca, mai gidan haya da mai shago suna jiransa ranar 30. In ba ka da kuɗin da zai riƙe albashi aƙalla wata uku, ko bankin da ya yarda ya tsaya maka, ko abokan hulɗa masu zaman kansu da ke biya akan lokaci kamar bankuna da makarantun kuɗi da masana'antu, to kada ka karɓi aikin mutum 50, karɓi na 10. Kuma kada ka bari gwamnati ta zama ita kaɗai ce mai ba ka aiki.

Hukumomin da suke tara kuɗin shiga da kansu, kamar manyan makarantu da wasu asibitoci, sukan fi saurin biya akan ma'aikatar da komai nata sai an saki daga baitulmali. Kafin ka nema ka je get ɗin da yamma ka gaisa da masu gadin da ke wajen, ka tambaye su yaushe rabonsu da albashi, za su faɗa maka abinda babu daraktan da zai faɗa.

Me zan duba a takardar yarjejeniya kafin in sa hannu?

Wasiƙar bada aiki daban, yarjejeniya daban, kada ka tura yara da wasiƙa kaɗai balle da baki. A ciki ka duba tsawon lokaci da yadda ake sabuntawa, kwana nawa za a biya bayan ka kai takarda, notis na wata nawa kafin a sallame ka, da kuma sharaɗin sake duba farashi in gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi, waɗanda suka sa hannu lokacin ana 30,000 ba tare da wannan sharaɗin ba sun ɗanɗana kuɗarsu a 2024. Sai maganar sata: wa zai biya in kaya sun ɓata, kuma har nawa? Ranar da zaka karɓi waje ku zagaya da jami'insu ku rubuta duk abinda ke nan, janareto nawa, batirin sola nawa, ina katanga ta faɗi, ina babu fitila, ku ɗau hoto ku sa hannu ku biyu. In ba haka ba abinda ya ɓata tun shekara uku da suka wuce a kanka za a cire.

Yarana za su iya riƙe bindiga? Wajen da ake so mu tsare akwai matsalar tsaro.

A'a. Dokar 1986 ta hana kamfanin gadi riƙe bindiga, ko ta gida ce ko ta farauta, kuma ta hana yunifom mai kama da na soja ko ɗan sanda. In waje yana buƙatar makami hukumar ce za ta nemi a turo ƴan sanda ko Sibil Difens su zauna tare da naku. Kuma dan Allah ka faɗa wa masu ba ka aikin gaskiya tun farko, bayan satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 da Kuriga a 2024 kowa ya san mai kulki ba zai tare masu babura da manyan bindigogi ba. Aikin yaranka shine su kula da shige da fice, su lura da baƙuwar fuska, su sanar da wuri, su san lambar DPO da ta kwamandan Sibil Difens na yankin da ta mai gari. Kada ka yi alkawarin abinda zai sa a kashe ƴaƴan mutane.

Wa ya kamata in ɗauka aiki?

Ƴan yankin, in dai da hali. Sun san kowa, ba ka biyan kuɗin mota, kuma gwamnati tana son ta ce ta samar wa matasan wajen aiki, ka rubuta hakan a takardar nemanka. Kowa ya kawo NIN da masu tsaya masa biyu da takardar mai unguwa, a yi masa gwajin ƙwaya. Za a turo maka sunaye daga kansila da ciyaman da ɗan majalisa, wannan ba makawa, ka karɓi wanda ya ci tantancewa amma ka gaya musu duk wanda aka kama yana barci ko baya zuwa zai tafi. Kada ka manta da mata, makarantun ƴan mata da ɗakin haihuwa da binciken jakar mata a get duk sai mace, kuma kamfanoni da yawa basu da su. Tsofaffin masu gadin da ka tarar a wajen kada ka kore su gaba ɗaya, su suka san ta ina ake haurowa.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, zan iya buɗe kamfanin da sunana?

Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci in ba noma ba. Ka jira ritaya. Saka sunan madam ko ƙaninka sannan ka nemi aiki a ma'aikatar da kake shima rantsuwar da aka yi a kotu ta kama shi.

An ba wani aikin kuma ina ganin an zalunce ni, in yi shiru?

Ka halarci buɗe akwati da kanka ko wakilinka, a bainar jama'a ake yi, ka rubuta farashin kowa. In sakamako ya fito kana da damar ka nemi a faɗa maka dalilin faɗuwarka a rubuce, sau da yawa ma zaka ga laifin takardunka ne sai ka gyara. In kuma da gaske an take doka, ana fara kai ƙorafi ga shugaban hukumar da ta bada aikin, a dokar tarayya cikin kwanakin aiki 15, in bai gamsar ba a wuce hukumar sayen kaya, daga nan kotu. Ka duba dokar jiharka don kwanakin suna iya bambanta, kuma in lokacin ya wuce ko kana da gaskiya ba mai sauraronka. Ka rubuta da ladabi, hujja kawai, ban da zagi a Facebook, don gobe ma teburin nan zaka dawo.

Na samu aikin, ya zan yi a sabunta min in shekara ta cika?

Rahoto duk wata a rubuce ko ba a nema ba: me ya faru, wa aka kama, wace fitila ta mutu, wace katanga ke buƙatar gyara, a sa maka hatimin karɓa. Sufabaiza ya riƙa zuwa ƙarfe biyu ko uku na dare ba da rana kawai ba. Albashi ta banki don ka samu shaidar da zaka nuna in wani ya kai ƙara cewa ba a biyansu. Wata uku kafin wa'adi ya ƙare ka rubuta wasiƙar neman sabuntawa ka haɗa da sabbin takardunka, sannan ka roƙi shugaban wajen ya ba ka takardar shaidar kyakkyawan aiki tun yana kan kujerar, don ana iya yi masa canjin wajen aiki kowane lokaci, wanda zai gaje shi kuma bai san ka ba.